Sassaƙen Baba Haladu

"Karanta mana, ɗan boko. Ko Turancin ya fi ƙarfinka?"

Baba Haladu ne, maƙwabcinmu a Gagarawa, kwance kan tabarma a zaurensa, ƙafafu a kumbure. Takardar da ya daɗe yana jira tana hannuna. Sau biyu na karanta ta a mota tun daga gidan waya na Gumel.

Shekara arba'in yana rufin ɗaki da azara. A daminar 1976 rufin sabon ɗakin shan magani ya rufta, ya karya wa wata mai jego ƙugu. Azara tasa ce, amma katakon da aka gitta ya ɗauke ta na ɗan kwangila ne, daga Kudu aka kawo shi. Gari ya ce aikin Haladu ne. Daga ranar ko akurki ba wanda ya sake kiran sa ya rufa.

Wani injiniya ya zo daga Kano, ya ce a yanko guntun azara da guntun katako a aika ɗakin gwaji, a can za a duba wanne fumfuna ta ci. Ya bar adireshi, ya shiga mota.

Ina zaune ranar da za a haɗa saƙon, don ni zan rubuta adireshin. Katakon ya yi baƙi, fumfuna ta yi masa furfura, in ka danna farce sai ya lotsa. Baba Haladu ya jujjuya shi, ya yamutsa fuska.

"Wannan ƙazantar za a ajiye gaban manya? Su ce mutanen Gagarawa ba su san girma ba?"

Ya ɗauki gizago. Ya sassaƙe ruɓaɓɓen tas, sai da ya kai ga lafiyayyen ciki. Ya shanya shi a rana, ya goge, ya naɗe a sabon ƙyalle. Haka ya yi wa azararsa, wadda ba ta bukata. Sassaƙen, matarsa Inna Kande ta share ta zuba a buhu, ta jingine bayan ƙofa.

Na gama aji biyar na sakandare. Na san abin da masu gwajin za su nema shi ne abin da ke zubowa ƙasa. Na buɗe baki, na dubi farin gemunsa, na rufe. Na rubuta adireshi da kyakkyawan rubutu.

Wata bakwai yana jira. Duk mai zuwa Gumel sai ya roƙe shi ya leƙa gidan waya. Cikin jiran ne ciwo ya kwantar da shi. Yau ga amsar masu gwajin a hannuna.

"Sun ce azararku lafiya lau take, Baba."

"Wannan na sani. Katakon fa?"

Inna Kande ta tsaya a ƙofar cikin gida da ludayi a hannu. Da na yi ƙarya, babu mai kama ni, daga shi har ita ba mai karatun boko.

"Shi ma sun ce lafiya lau. Ba su ga fumfuna ba. Sun ce a binciki aikin mai rufi."

Ya daɗe yana kallon azarar zaurensa.

"Da na'urarsu suka duba?"

"Da ita."

"Ni da farce na gane. Kai ma ka gani, Ɗanjuma."

"Na gani."

"To, me ya hana su gani?"

Idona ne ya kai kan buhun. Ya bi idona da nasa, ya tsaya a can.

"Tun ranar ka sani?"

"Na sani."

"Ka yi shiru."

"Kun haife ni, Baba."

Ya yi wata 'yar dariya da ta zama tari. "Allah ya yi maka albarka. Yaro mai ladabi." Ya juya fuskarsa bango.

Ɗan kwangilar ya sami kwafin tasa takardar. Ranar kasuwa ya sa aka karanta ta a rumfar mai shayi, aka maimaita wa waɗanda suka makara.

Baba Haladu ya cika ranar Litinin da hantsi. Bai sake yi mini magana ba. Waɗanda suka zo jana'iza ba su cika sahu biyu ba.

Tun kafin jana'izar, itacen gidan ya ƙare, ga shi ana bukatar ruwan ɗumi na wankan gawa. Inna Kande ta jawo buhun daga bayan ƙofa, ta zazzage shi a murhu. Sassaƙen ya bushe sarai, ashana ɗaya ya kama. Na tsuguna na riƙe mata tukunya har ta daidaita kan duwatsu.