Hannun Hagu

"Irin wannan nake so, Baba Tela, kar ka ƙara, kar ka rage," in ji matar, ta tura masa waya har kusa da hanci.

Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke, ya gyara tabarau. Shekara arba'in yana ɗinki, kuma a goman ƙarshe babu macen da ta zo masa da ra'ayin kanta, kowacce da hoton wata take zuwa. Wannan hoton na wata doguwar yarinya ce, siririya kamar a gidansu ba a ɗora tukunya, ta juya kafaɗa tana hararar duniya. Rigar jikinta ruwan toka ce. Hannun dama daidai jiki. Na hagu kuwa ya buɗe tun daga hammata, faɗinsa ya ninka ɗan'uwansa, an tsaga shi ta ƙasa an jera masa ƙananan maɓallai. A ƙirji, ɓangaren hagu kaɗai, an yi tattara mai ninki uku.

Ya ƙirga maɓallan. Bakwai. Ya sake ƙirgawa.

"Baba? Ko ya fi ƙarfin idonka ne? Sabon yayi ne fa."

"Ina kika samo wannan?"

"Ina ne babu shi? Tun jiya yake yawo a waya. Ai gidan ɗinkin da autarka take aiki ne suka fitar. Yau da yamma ma za su nuna shi a gaban manyan mutane."

Bai ko karɓi yadinta ba. Ya bar ta tsaye, ya shige ɗakin da ke bayan shagon, ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Mayafai suna nan, carbi yana nan, takardun asibiti suna nan a ledarsu. Rigar ce babu.

Rigar matarsa ce. Shekara huɗu da suka wuce likitoci suka cire mata nonon hagu, daga baya hannun ya kumbura har ya zama kamar na aro. Ba ta yarda kowa ya gani ba. Yayyenta ma ciwon kafaɗa suka sani. Shi ya ɗinka mata rigar, sau biyar yana yankawa yana ɓata yadi kafin ya dace. Faɗin hannun don kumburin ne, maɓallan don ta sassauta shi ranar da ya fi tashi, tattarar kuma don ta cike wurin da wuƙa ta bari. A cikin rigar take zuwa asibiti, a cikinta take karɓar masu dubiya tana musu dariya. Mako biyu kafin ta rasu ta kama masa wuyan hannu da hannunta mai lafiya ta ce, "Ko bayan raina, kar ka bar ni a bakin mutane."

A cikin bas ya kira Auta sau uku, ba ta ɗauka ba. 'Yan mata biyu da ke kujerar gabansa sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ɗaya tana cewa, "Wallahi hannun ne ya tafi da ni." Ya juya fuska ga taga, ya riƙe ƙarfen kujera.

Gidan ɗinkin bene ne mai hawa uku, gilashi ta ko'ina. Maigadi ya dubi takalmansa kafin ya dubi fuskarsa. Sai da ya ce shi mahaifin ma'aikaciya ne aka nuna masa matakalar baya, ta masu kawo kaya. A hawa na biyu ya tarar da kekuna fiye da talatin a jere, mata sun duƙa a kansu, ba mai ɗaga kai. Wannan hannu kawai take haɗawa, waccan maɓalli kawai take dasawa. A jikin bango kuwa, daga wannan kusurwa zuwa waccan, rigunan ne a rataye: ja, baƙa, shuɗiya, ruwan ƙwai, duk da kumburarren hannun hagu.

Ya tsaya cak. Ya ga kamar an tara masa ɗakin asibiti guda, an cire matan an bar rigunan.

"Baba!" Auta ta taho da sauri, tef ɗin awo a wuya, allurai a soke a gaban riga. "Me ya kawo ka? Da ka jira na dawo gida, ai zan yi maka bayani."

"Ina rigar uwarki?"

"Baba, don Allah, a hankali."

"A hankali nake. Ina take?"

Ta kai shi teburin yanka. Da farko bai gane abin da yake gani ba, shi da ya yi rayuwarsa a kan irin wannan teburin. An farke rigar ɗinki bayan ɗinki, an goge kowane yanki ya miƙe, an manne shi da allura a kan kwali, an rubuta masa lamba da alli. Gaba, baya, wuya, hannu. Hannun hagun a shimfiɗe ya fi yadda ya tuna girma. A gefensa har yanzu ana ganin ɗan tabon maganin shafawa da wanki bai taɓa fitarwa ba. Wani ya zagaye tabon da alli, ya rubuta: a bar wannan.

"Har wannan?" Muryarsa ta fito kamar ta wani. "Har wannan kuka kwafa?"

"Sun ɗauka ado ne, sai aka yi shi da zare." Auta ta sunkuyar da kai. "Baba, cewa aka yi duk wadda ba ta kawo sabon abu ba a wannan watan ta nemi wani wurin. Na zana guda goma, Madam ta watsar. Aro na yi, na ce kwana biyu in mayar. Ban san za su farke ta ba. Kuma wallahi ban gaya wa kowa ko ta wace ce ba. Cewa na yi tsohon ɗinkinka ne."

"Kin kyauta. Kin ɓoye sunanta, kin rataye jikinta a bango."

Kafin ta ba shi amsa sai ga Madam, mai gidan, ta shigo da ƙamshinta da ƙarar takalmanta, wata 'yar jarida tana biye da ita da waya a ɗage.

"Wannan ne Baban? Kai, Allah ya kawo ka a kan gaɓa!" Ta tafa hannu, kekuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. "Baba, ka san abin da ka yi kuwa? Shekara nawa muna kwafar na waje, yau ga namu ana tambaya daga waje. Amma riga ba ta tafiya ba labari. Mutane labari suke sawa a jiki, yadin rakiya ne. Ka faɗa mana, me ya sa hannu ɗaya ya fi ɗaya? Me kake nufi? Ni na ce 'yanci ne, mai zanenmu ya ce tawaye."

'Yar jaridar ta matso da wayar. Mata talatin suka juyo da kujerunsu. Auta ta riƙe bakin teburi, idonta a kansa.

Tela ya dubi Madam. Kalma biyar na gaskiyar rigar sun isa su share murmushin da ke fuskarta, kuma ya ji daɗinsu a bakinsa tun kafin ya furta. Sai ya lura da yadda idanunta suke sheƙi, ya gane ba sharewa zai yi ba. Labarin zai fi rigar kasuwa. Kafin la'asar za a buga shi a kati, a ɗaure a wuyan kowace riga da zare mai kyau.

A shekara arba'in bai taɓa mayar wa kowa yadi don ya ɓata ba. Telolin layinsu, in yanka ya gagare su, wurinsa suke kawowa.

"Kuskure ne," ya ce.

"Na'am?"

"Kuskure. Ido ya tafi. Na auna ba daidai ba, na yanka hannun ya yi yawa, sai na bi shi da maɓalli don in rufe kunyata. Tattarar ma yadi ne ya rage ban san inda zan kai shi ba."

Wata daga cikin masu ɗinkin ta yi dariya, ta toshe baki. Auta ta juya baya, kafaɗunta suna motsi saboda kuka.

Madam ta ɗaga kai ta kalli silin. Sai ta daki teburin da tafin hannu har allurai suka yi tsalle.

"Kuskuren Tela! Kin rubuta? Sunan rigar ke nan. A cire wancan sunan, a sake buga katunan yanzu yanzu. Baba, kai fa ba ƙaramin mutum ba ne!"

"Haka ake faɗa. Kun gama da waɗannan tsummokaran?"

"Ɗauki abinka, mun riga mun fitar da kwali."

Ya fara zare alluran ɗaya bayan ɗaya, yana soke su a gefen kwalin a jere. Auta ta miƙo hannu za ta taya shi.

"Bari," ya ce, bai dube ta ba. "Ku nan farkewa kuka iya. Je ki samo mini leda."