Jar Motar Ermes a Ƙofar Vandrini

"Taka mata totur, Walter! Taka na ce, ba shafa ba. Mota ce, ba kan jariri ba!"

Walter Bellentani ya ƙara danna ƙafa, jar motar ta yi wani gurnani da ya sa gwangwanayen man da ke kan kantar garejin suka hau rawa. Shi dai dillalin inshora ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana faɗa wa mutane bala'in da zai iya samunsu, har ya wayi gari ya fi kowa yarda da zancen. Ga shi yau a garejin maƙwabcinsa, ya dunƙule cikin kujerar da aka ƙera don samari marasa teɓa, tsoho mai robar iska a hanci yana zaginsa daga keken marasa lafiya.

"Ai ta yi ƙara, Ermes."

"Ƙara? Tari dai ta yi, irin nawa. Ba laifinka ba ne. Wanda ya saba tuƙa firji ina zai iya da mota?"

Firjin shi ne 'yar motar batir ɗin da Walter ya saya bara. Sai da ya yi wata guda yana ajiye ta bayan coci kafin ya iya shigo da ita layin.

Tun yana saurayi Ermes Gavioli yake aiki a masana'antar motocin tsere ta Vandrini da ke ƙarshen layinsu, a sashen salansa. Muryar mota ce sana'arsa: ya lanƙwasa bututu, ya kasa kunne, ya sake lanƙwasawa. Da wasu masu kuɗi suka sayi kamfanin, sai aka ce kasuwa ta canza. Aka fara da manyan motoci masu tudu na kai yara makaranta, daga nan aka koma na batir. Motar batir kuwa ba ruwanta da salansa. Aka rufe sashen, aka ba Ermes agogo da musabaha. Inda teburinsa yake a da, yanzu shago ne mai bangon gilashi a bakin ƙofar kamfani, huluna da turare masu tambarin kamfanin ake sayarwa a ciki.

Sai kuma aka gano masu saye ba sa son motar tsere da ke wucewa kamar ɓarawo. Aka yanke shawarar a saka mata lasifika, ta riƙa yin kukan inji na ƙarya. Injiniya Colzani, wanda aka turo daga Milan ya riƙe masana'antar, ya zo gidan Ermes da kwalin alewa, yana roƙon a bar su su naɗi muryar jar motar, don ita ce ta ƙarshe da Ermes ya yi wa salansa da hannunsa. Ermes ya karɓi alewar, ya rufe ƙofa.

Nives, 'yarsa, ta leƙo garejin da kwanon romo.

"Baba, likita ya ce ban da hayaƙi."

"Likita bai ga huhuna ba ne? Me ya rage da hayaƙi zai ci?" Ya juya ga Walter. "Ka ji ni da kyau. In an ɗauko ni daga coci, za a tsaya a ƙofar kamfani kamar yadda ake yi wa kowa."

Haka ake yi a garin. Duk tsohon ma'aikacin Vandrini da ya rasu, sai an tsayar da gawarsa a bakin ƙofa, a tayar da mota a yi masa sallama da totur, kafin a wuce maƙabarta.

"Ba na son motarsu," in ji Ermes. "Kai za ka biyo ni da wannan. Ka saita gindinta ga wancan shagon gilashin, ka taka har ƙasa. Ina son gilashin ya tsage. Ina son ɗan Milan ɗin nan ya zubar da kofi a wandonsa. Ka rantse."

"Kamfaninmu ne fa ke da inshorar gilashin."

"Shi ya sa na zaɓe ka, rago. Rantse!"

Walter ya rantse. Ya kuma ci gaba da zuwa koyon totur duk yamma, har ranar da Ermes ya daina iya saukowa, yana aiko da zaginsa ta taga. Wata safiya Walter ya fito da jaka a hannu, ya ga tagar sama a rufe, Nives na tsaye a bakin ƙofa da rigar jiya a jikinta. Ta miƙa masa makullin jar motar.

Colzani ya zo ta'aziyya da kansa, ya riƙe hannun Walter da hannu biyu.

"Sinyor Bellentani, na ji kai za ka ja motar marigayi. Za ku tsaya a ƙofa dai ko? Al'ada ba abin wasa ba ce. Ku ɗauki lokacinku, kada ku yi gaggawa."

Da ya fita, Loredana, matar Walter, ta taɓe baki. "Yaushe mutumin Milan ya fara kishin al'adarmu? Wannan da ko gaisuwa ba ya amsawa."

"Mutuwa na taushe zuciya, Loredana."

"Taka zuciyar dai."

Ranar jana'iza motar gawa ta shige gaba a hankali, Walter na biye, tsofaffin ma'aikata na bayansa a ƙafa cikin baƙaƙen kwat da suka yi musu kaɗan. Sau ɗaya kawai motar ta mace masa, ya ji Ivano mai walda yana cewa daga baya, "Allah ya sa marigayi bai ji ba."

A bakin ƙofar kamfani an jera furanni tuli, fiye da waɗanda aka zuba wa mai kamfanin na farko. Colzani na tsaye, ya haɗa hannu a ƙirji. Walter ya juya motar, ya saita salansarta ga shagon gilashi, ya goge tafin hannunsa a gwiwa. Daɗi yake ji, irin daɗin da bai taɓa sanin yana da shi ba. Ya ɗora ƙafa.

A madubi ya hango abin. Tsakanin furannin, dab da gindin motar, wani siririn ƙarfe mai kai kamar na ɓera mai gashi ya leƙo. Ga wani can, ga wani. Waya ta bi ƙarƙashin ganye ta shige shagon, inda wani mutum ke zaune gaban na'ura, ya toshe kunnuwansa da abin saurare. Makirufo ne. Abin da Ermes ya hana su da ransa, shi ya shirya musu da kansa, tsabar fushi ya hana shi tunawa cewa su ma sun san al'adar.

Colzani ya gyaɗa masa kai cikin ladabi, wai bismillah.

Walter ya dubi motar gawa. Rantsuwa ya yi, kuma shi mutum ne da ko fitilar hanya bai taɓa karyawa ba. Ya ɗage ƙafarsa, ya murɗa makulli. Injin ya mutu.

Ya fito da ƙyar, gwiwa na ƙara.

"Ta lalace ne?" in ji Colzani. "Muna da makanikai, yanzu za a..."

"Kun sallame su ai, Injiniya. Ga su nan a bayana."

Nives ta matso. Walter ya nuna mata furannin da haɓa. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sunkuya dab da makirufon mafi kusa.

"Ku naɗi wannan," ta ce. "Ermes Gavioli ya ce a'a."

"Kai Ivano!" Walter ya ɗaga murya, har shi kansa ya yi mamakinta. "Ku zo mu tura. Kada wanda ya yi tari, kada su samu su saka a mota."

Tsofaffin suka cire kwat, suka kama motar ta ko'ina. Walter ya zura hannu ta taga yana jan sitiyari, teɓarsa na gogar ƙofa. Motar gawa ta ja a hankali, suka bi ta. Colzani ya biyo su 'yan taku yana kiran Nives, "Sinyora, Sinyora," sannan ya tsaya, don takalminsa ya sarƙe a wayar makirufonsa.

Maƙabartar da ɗan nisa, rana kuma ta ɗaga. Babu wanda ya ce a tayar da injin. Da suka kai wajen dogayen bishiyoyin bakin magudana, Nives ta cire takalmanta masu tsini, ta ɗora su a kan rufin motar, ta shiga tsakanin tsofaffin tana turawa da ƙafa ba takalmi.