Ranar da Fitilar Baba Kore Ta Yi Ja

"Umma, Baba Kore ya kurmance ne?"

Uwar ta saki wankin da take matsewa, ta dubi 'yarta. Kiɗan da ke ratsowa ta bango ya fashe, sai ƙugi da kakari kamar ana yaga buhu, har kofuna na rawa a kan kantar kwanuka. Jaririn da ke goye a bayanta ya tsandara kuka.

Ta miƙe tsaye. Baba Kore maƙwabcinsu ne, tsohon mai sa kiɗa a wuraren taro, kuma kullum da la'asar yakan kunna na'urarsa ya gwada. Satin da ta haihu ya kira ta ya nuna mata jerin 'yan fitilun da ke jikinta.

"Kin gani, 'yata? Kore lafiya, rawaya gargaɗi. Ja kuwa ba ƙarfi ba ne, sauti ne yake kuka. Ranar da kika ji na shiga ja, to ba ni ba ne."

Wannan karatun nasa ne ya sa yaran gidan suka laƙaba masa sunan.

"Ruga ƙofar gida ki kira tela," ta ce wa yarinyar. "Ki ce ya nemo mota, maza!"

A bakin ɗakinsa ta tsaya, tana jin ƙarar har cikin haƙoranta. Ta shiga da jariri mai ɗanyen kunne? Ba wanda za ta bar wa. Ta ja mayafi ta naɗe kan yaron, ta tura ƙofa.

Baba Kore na kife a kan tebur, hannunsa ya ture maɓallan duka zuwa sama. Fitilun sun yi jajir. Ta kira shi, ita kanta ba ta ji muryarta ba. Ta kara kunne a bakinsa, amma ina, ba ta iya bambance numfashi da ƙugi. Ta kai hannu za ta fizge wayar wuta, sai ta tuna ya ce lasifika takan yi tsawa in an yi mata haka, ga jariri a baya.

Ta ɗaga hannunsa, nauyi kamar itace. Ta ja babban maɓallin ƙasa a hankali, sannan ta murɗa ƙaramin na sama. Ja ya sauka rawaya, rawaya ya sauka kore. Sai ga numfashin, siriri, yana sarƙewa.

"Baba! Baba, ni ce."

Ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi goyon da ke bayanta. "Na tashi maigidan naki?"

"A'a, Baba. Dama idonsa biyu."

"Fitilar ta koma?"

"Ta koma kore."

"Madalla." Leɓensa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya. "Da na sani ke na koya wa sana'ar, ba waɗancan kuramen yaran aikin nawa ba."

Ta riƙe hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada, tana sauraron takun tela. Da telan ya shigo yana haki, ya duba, sai ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya fita ya sallami mai mota.

Yarinyar ta leƙo daga bakin ƙofa. "Umma, barci yake?"

"Yi magana a hankali," in ji uwar.

Jaririn ya yi shiru a bayanta. Kiɗan na ci gaba can ƙasa, fitilun kore suna hawa suna sauka.