Turmi Na Tara

Alƙali ya daki benci da tafin hannu, ya ce wa samarin da ke layi tare da shi su daina kiran 'yan damben yanzu zakaru. Ƙatti ne, ya yarda, kowanne kamar an ɗinke buhu biyu wuri guda, amma tsoka ba zuciya ba ce. A zamaninsa masu nauyi turmi goma sha biyar suke yi, mutum na tofar da haƙori yana dariya. Yanzu sha biyu ne, kuma da hanci ya ɗan ɗiga sai ka ga likita ya hau da gudu kamar an kira shi haihuwa.

Wani dogo a cikinsu ya ce Baba ya yi haƙuri, na yanzu guda ɗaya zai sa biyu na da a aljihu. Alƙali ya tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Guduma. Dogon ya ce ƙwarai, kakarsa na ba shi labari. Aka kwashe da dariya.

Dukansu alƙalan wasa ne, sun zo ofishin hukumar dambe sabunta lasisi. Sabuwar doka ta ce wanda ya haura sittin sai an sake gwada shi, in ya faɗi ya bar fili ke nan. Shekara talatin da takwas Alƙali yana shiga tsakanin ƙarti. In aka tuɓe masa farar rigar nan, bai san me zai rage ba.

Mai gwajin likita ce, ba za ta wuce sa'ar autarsa ba. Ta juyo masa kwamfuta, ta ce za ta sa wani tsohon wasa da suke koya wa sababbi yadda bai kamata a yi alƙalanci ba. Ta ce ya ɗaga hannu a inda shi zai tsayar da wasan. In ya makara babu hatimi, in ya yi gaggawa ma haka.

Hoton ya fito dishi-dishi. Ga Guduma da jan wando, ƙirji kamar ƙofar shago. Ga kuma wani siririn alƙali mai tulin suma yana zagaya su. Shi ne. Likitar ba ta gane shi ba.

Wasan da ya shekara talatin yana cika baki da shi ke nan. Guduma ya kai turmi sha biyar a tsaye, ya riƙe kambunsa. Guduma kuma yayan matarsa ne, yana ɗakin baya na gidansa, ko da safen nan shi ya ɓalla masa maɓallan riga, don yatsun sun daina jin magana.

Turmi na bakwai ya wuce, na takwas ya wuce. Hannun Alƙali ya yi nauyi a kan gwiwa kamar ba nasa ba. A na tara aka rungume juna, siririn alƙalin ya shiga raba su. Kwamfutar ba ta ɗauki abin da aka faɗa ba, amma shi yana ji har yau. Lokacin yana neman auren ƙanwar Guduma, ba wanda ya sani a hukumar. Guduma ya ce masa ta cikin robar kare haƙori, in ya kuskura ya tsayar, ya manta da ƙanwarsa. Bai tsayar ba, bai kuma taɓa gaya wa matarsa ba.

Yanzu, a gaban likitar, ya ɗaga hannu.

Likitar ta dakatar da hoton, ta ce kowa sai a na sha biyu yake ɗagawa, inda mutumin ya fara faɗuwa. A nan ai ba abin da ya faru tukuna. Ya ce ta mayar baya ta dubi ƙafar hagu, jan ta yake yi. Idon dama kuma ya daina bin naushi.

"Baba, kyamara ba ta nuna idon ba."

"Daga inda alƙalin yake tsaye ana gani."

Ta dubi hoton, ta dube shi, ta sake duban hoton. Ta daɗe. Sannan ta buga hatimi ta tura masa takardar.

A waje dogon ya tare shi da tsokana, wai an yanke hukunci, na da ko na yanzu? Alƙali ya raɓa ta gefensa ya wuce.

Ya tarar da matarsa a ɗakin baya tana ba yayanta abinci a baki. Cokalin ya suɓuce ya daki kwanon ƙarfe, ƙarar ta fita kamar ƙararrawar fili. Nan take Guduma ya dunƙule hannuwa masu rawa ya kai su fuska, yana kokawar tashi. Kullum in haka ta faru Alƙali yakan ɗaga masa hannu sama ya ce zakara ya ci, sai ya kwanta.

Yau ya kama hannuwan biyu ya sauke su a kan cinya.

"Ya isa, Yaya. Na tsayar."

Guduma ya ƙura masa idon da ya rage. Mutumin da yakan yi mako bai haɗa kalma uku ba ya tambaya turmi na nawa, muryarsa tar. Alƙali ya ce na tara.

"To ka manta da ƙanwata."

Matar tana sunkuye tana ɗauko cokalin, ta tsaya a haka. Da ta ɗago, ba yayanta ta duba ba, mijinta ta duba.