Kusurwar Inna Dassin

"Riƙe nan, 'yata," in ji Inna Dassin, ta miƙa wa Rashida bakin mayafinta. Da shi suke awon bangon ɗakin zama, don abin awon Halidu, mijin Rashida, ya ɓace. Tsohuwar ta tsaya ta yi tari, sannan ta ƙirga. "Kamu bakwai nan. Can kuma huɗu."

Rashida ta janye Ni'ima, 'yarta mai wata tara, ta saɓa ta a kafaɗa.

Inna Dassin maƙwabciyarsu ce, mutuniyar Abzin. Mijinta ya yi aiki a ramin haƙar ma'adinai na Akokan har ya rasu, ɗanta Amastan kuma direba ne, kullum yana kan hanyar Agadez. Ɗakinta na kwano ne. Shi ya sa da rana ta take sai ta shigo da tabarmarta ta shimfiɗa a kusurwar da fankar Rashida ke hurawa, tana ɗinkin fata, Ni'ima na hawa ƙafafunta. Wata biyu ke nan tana wannan tari. Mata a bakin famfo sun ce tarin fuka ne. Rashida ta daina barin yarinyar ta sha a kofinta, amma ta yaya za ta dubi sa'ar kakarta ta ce kar ki ƙara shigowa?

Sai ga Mano mai kujeru ya turo hotunan kujeru biyu a salula. Ɗaya miƙaƙƙiya, ta mutum uku. Ɗaya mai lanƙwasa, gunduwa biyar da ake harhaɗawa, ta bi bango ta cinye kusurwa.

"Ƙaramar ta ishe mu," Halidu ya ce. "Mu nawa ne?"

"Babbar nake so. Ni'ima ta fara rarrafe, ƙasan nan ƙura ce."

Inna Dassin ta karɓi salular, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ita ba ta zaman kujera, duk unguwa an sani. Ta dubi kusurwar, ta dubi Rashida.

"Babbar ta yi kyau," ta ce. "Za ta cika wurin nan tsaf."

Ranar da aka kawo babbar kujerar, Inna Dassin ta shigo ta sa albarka, ta shafa yadin. Rashida ta ce, "Inna, ki zauna mana." Tsohuwar ta yi dariya. "In na hau wannan, wa zai sauko da ni?" Ta naɗe tabarmarta ta fita.

Ba ta dawo ba. Watan Afrilu ne, kwano har ƙara yake yi da zafi. Rashida kan jiyo tarin ta bayan katanga, sai ta aika da kunu, ta ce a ranta gobe za ta leƙa. Sau biyu ta leƙa, daga bakin ƙofa, Ni'ima na gida.

Ranar Talata bayan la'asar mai tallan madara ta same ta kwance, rai ya yi halinsa, fatar da take ɗinki na hannunta.

Da Rashida ta je gaisuwa, Amastan ya sunkuyar da kai. "Zuciya ce. Tun bara likita ya faɗa mata, ya ce ta guji zafi. Tarin ba ya kama kowa." Ya gyara rawaninsa. "Kullum in na kira sai ta ce kar in damu, tana da 'ya mai fanka. Allah ya saka miki."

Rashida ta juya ta dubi tsakar gidan.

Masu gaisuwa sun yi yawa, dattawa ba wurin zama. Ta koma gida ta ce wa Halidu, "A kwance kujerar nan a kai musu."

"Gunduwa nawa?"

"Fara da ta kusurwa."

Ya ɗaga ta ya fita. A simintin wurin akwai shatin tabarma, ya fi sauran ƙasan santsi, da wani guntun jan zare maƙale a gindin bango. Ni'ima ta zame daga cinyar uwarta, ta rarrafa har can ta zauna. Ta bubbuga ƙasa da tafin hannu, ta juya tana kallon ƙofa. Fanka ta juyo, ta ɗaga zaren, ta wuce.