Tsinke Mai Layi Biyu

Ranar Litinin ce, kwana biyu bayan bikin tunawa da matattu, aka wayi gari ƙanƙara na dukan kwanon ɗaki a Potosí, birnin da ke can ƙololuwar tsaunuka, kamar ana watsa tsakuwa. A ranar ne Delfín Yucra ya fara jin warin nan.

A gurguje ya shigo don ya gwada wa mahaifinsa suga kafin ya fita da bas. Mahaifin nasa, Don Aurelio, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana haƙar ma'adinai a cikin dutsen da ke saman gari, yana bakin gado yana tsoma burodin biki a cikin api, kunun masarar nan mai zaƙi.

"Baba, mai ciwon suga da wannan?"

"Na matattu ne. Sun ci nasu sun rage mini."

"So kake ka bi su ka karɓo ƙari?"

"Kai dai soka ni ka gani, sarkin surutu."

Delfín ya soki yatsan, ya ɗiga jinin a bakin tsinken gwaji. Jini ne baƙi wuluk, mai kauri, sai an matsa yake fita. Na'ura ta nuna ɗari da talatin da biyu.

"To, likita, me ka gani?" in ji tsohon, ya ƙara tsoma burodi.

Gwaggo Felipa ce ta aiko da na'urar daga Santa Cruz, can ƙasa inda ake zafi, tare da kwalayen tsinke. Irinta take amfani da ita, ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Tun zuwan na'urar lambobin Don Aurelio suka gyaru. Ya daina zuwa asibiti, ya koma shan rabin ƙwaya, ya sayi sabon takalmi ya shiga gwajin rawa. A watan Fabrairu mahaƙa ke saukowa daga dutse da rawa, su raka gicciyensu har cikin gari, shi kuwa shekara ashirin da bakwai ba a raba shi da layin gaba na ƙungiyarsu ba.

Da Delfín ya sunkuya ɗaukar auduga, sai warin ya buge shi daga wajen ƙafar hagu.

"Baba, cire safar nan."

"Takalmi ne ya ɗan cije ni. Tafi, fasinja na jiranka."

Ya tafi, amma zuciyarsa ba ta bi shi ba. Sau biyu ranar yana wuce tasha, mata na buga jikin mota suna zaginsa. Idan suga lafiya lau, me ya hana ƙurjin takalmi warkewa? Me ya sa tsohon ke shanye buta guda ta ruwa kafin rana ta take? Ya sauya wa na'urar batir. Ya gwada yatsan dama, ya gwada na hagu, ya ɗumama hannun a ruwan zafi. Ya gwada da safe, ya dawo tsakar rana ya bar bas a bakin titi ya sake gwadawa. Ɗari da talatin, ɗari da arba'in. Don Aurelio ya koma saka safa biyu, yana kwana da su, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna masa lambar.

Haka Disamba ta wuce. Delfín ya rame fiye da majinyacin.

Akwai wata mata da ke hawa bas ɗinsa kullum da safe, Doña Nélida, mai aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti. Wata rana ta zauna gaba, ta dube shi ta ce, "Direba, ko dai budurwa ce ta gudu? Jiya ma ka wuce da ni."

Nan ya zazzage mata komai. Ta ce, "Mahaƙi ne? Kawo shi gobe kafin ya ci komai. Ka haɗo da tsinken."

Kawo shin ne aiki. Ya roƙa, ya yi fushi, a banza. Sai da ya ce, "Baba, tsoro kake ji kada a kama na'urarka da ƙarya," sannan tsohon ya jawo hularsa.

"Mu je. Idan ta yi gaskiya, kai za ka riƙa goge mini takalmi har ranar rawa."

Doña Nélida ta ɗiga jininsa a tsinken Gwaggo Felipa: ɗari da arba'in da takwas. Ta ɗebi wani daga jijiya ta shiga da shi ciki. Delfín ya kasa zama. Ya ƙirga tayil, ya leƙa bas, ya dawo. Da ta fito, takarda na hannunta: ɗari biyu da ashirin da shida.

"Ɗaya ta yi ƙarya ke nan," in ji Don Aurelio. "Ni tawa na sani."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗaga wata siririyar kwalba da ta juya jininsa a inji. Jan ya kwanta a ƙasa, ya cinye sama da kashi biyu cikin uku, ruwan sama ɗan kaɗan.

"Na mutanen Santa Cruz ko rabi ba ya kaiwa. Mu nan kan tsauni iska ba ta da ƙarfi, jiki sai ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyi. Naka kuma ƙurar rami ta ƙara masa."

Ta sa reza ta ɓare tsinken a ƙarƙashin fitila. A ciki akwai siraran layuka biyu baƙaƙe. Ta ɓare irin nasu na asibiti, sai ga layi biyar.

"Na'ura ba ta ganin suga," ta ce wa Delfín. "Suga ne ke taɓa maganin da ke kan layin nan, ya tayar da 'yar wutar lantarki, ita kuma wutar take aunawa. Ka san yadda fasinja ke cushe ƙofar bas ɗinka ranar kasuwa, mai son sauka ya rasa hanya? Haka ƙwayoyin jininsa ke toshe bakin layin. Suga kaɗan ke isa, sai na'ura ta ce kaɗan ne. Waɗannan ƙarin layukan kaurin jinin suke fara aunawa, su gyara lambar. Naku ba shi da su. Don masu tsinkakken jini aka yi shi."

Don Aurelio ya yi dariya har da tari. "Kin ji ko? Jinina ne ya fi ƙarfin inji. Jinin mahaƙi!"

"Na ji, Don Aurelio. Yanzu cire mini safa."

Dariyar ta tsaya. Ya dubi ɗansa, ya dubi ƙofa. Delfín ya durƙusa ya kwance takalmin da kansa, ya zare safar farko, ta biyun ta manne. Da safar ta fita, Doña Nélida ta dubi ƙafar, ta ɗauki waya ta kira likita.

"Zan yi rawa?" in ji tsohon, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Delfín ya naɗe safar ya tura ta cikin takalmin.

Ranar saukowa daga dutse, Delfín ya ajiye bas inda hanya ta karya kwana, ya zaunar da mahaifinsa a kujerar gaba, ƙafa a naɗe bisa matashi. Da ƙungiyarsu ta iso, wani ne a gurbinsa. Don Aurelio ya riƙa bin kiɗan ganga da tafin hannu a jikin ƙofa, yana cewa mutumin ba ya ɗaga gwiwa. Delfín ya fita, ya zagaya motar, ya dawo, ya sake fita.

Abin da ya tafi: yatsu biyu na ƙafar hagu da aka yanke wa tsohon, wata uku da aka ɓata ana gaskata lamba, gurbin layin gaba na shekara ashirin da bakwai, sabon takalmi da aka ba maƙwabci, da kwali huɗu na tsinke da aka mayar wa Gwaggo Felipa can Santa Cruz, inda suke faɗin gaskiya.