Azahar Ɗin Raji

"Sau ɗaya kawai, Malam Wali," in ji Mulikat, tana durƙushe a zaurena. "Ka bar shi ya kira azahar ɗaya kafin Allah ya karɓi abinsa."

Na ce, "Da bakin da ya yi wa mashaya waƙa? Tashi ki ba ni wuri."

Mijinta Raji maƙwabcina ne a Fagge, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara goma sha biyu ya yi yana waƙa a otal-otal ɗin Sabon Gari, da wata siririyar murya mai hawa sama har sai ka rantse mace aka taka wa ƙafa. Wai har faifan garmaho aka yi masa. Ni kuwa ladanin unguwa ne, kuma ban taɓa ƙaunarsa ba. Ban manta ranar da wani leburan tasha ya ce a gabana, da Raji ne ladan da har reluwe za su riƙa ji ba. Tawa muryar da ƙyar take kai bakin layi, na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Ciwon hanta ya kwantar da shi wata huɗu. Ya bar waƙa ya riƙe carbi, na ce tuban muzuru ne. Ya aika wa liman a bar shi ya kira salla, liman ya ce wannan hurumin ladan ne. Na ce ban yarda ba.

Ranar Talata da azahar na hau tudun kiran salla, na sa yatsu a kunne, na ja numfashi. Sai kabbara ta taso daga bayan katangar Raji. Daga kwance yake yi, amma muryar ta yi ta hawa ba gargada, har telan layinmu ya tsayar da kekensa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don daɗi ta yi.

Ya gama shahada, ya fara kiran a zo salla, sai ya yanke a tsakiya. Muka jira. Can muka ji salatin Mulikat.

Liman ya ɗago kai daga alwala.

"Ƙarasa masa, Malam Wali."

"Masa?"

"Ƙarasa."

Na ɗauka daga inda ya tsaya. A ƙasa mutane na tsaye da butoci a hannu, duk sun ba ni baya, suna kallon katangarsa.